Littafi Ɗaya a Aji Huɗu, Kakuri

Na saye shi ran Asabar a Kasuwar Barci,
ƙarƙashin tulin tsofaffin jaridu.
Bango ya yage, gara ta ci gefe,
amma launin bai gudu ba.

Litinin na ɗaga shi sama
kamar mai tallan atamfa.
Yara sittin da uku, littafi ɗaya,
na baya suka hau benci.

Ga dalar Masar, na ce,
dutse bisa dutse, kabarin sarki guda.
Iliya ɗan birkila ya ƙura ido:
"Malama, wa ya ɗauko duwatsun?
An biya su kuwa?"
Na duba shafin. Mai zanen ya yi su ƙanana
kamar tururuwa a gindin rumbu,
ba mai suna, ba mai fuska.

Muka juya.
Ga mutanen tsakanin koguna biyu
suna rubutu da tsinke a kan laka.
Dije ta ce, "Su in allonsu ya faɗi, an yi hutu ke nan."
Aji ya kece da dariya.

Sai shafi na talatin da ɗaya:
kai na yumɓu, ido mai huda, kitso tsaf.
Na karanta sunan a hankali: Nok.
Kyauta ta miƙe ko hannu ba ta ɗaga ba:
"Garin kakata ne! Ta Kwoi ake bi!"
Ta zo ta ɗora yatsa a goshin yumɓun.
"Haka goshin kawuna yake."
Wannan karon ba wanda ya yi dariya.
Shekaru dubu biyu da ɗoriya
suka shigo ba sallama,
suka zauna bakin tagar da ba ta da marfi.

Saura kaɗan a buga ƙararrawa,
Gambo, wanda magana ke yi wa nauyi, ya ce,
"Mu kuma in mun zama mutanen da,
me za a tono?"

Na leƙa waje.
Can ga bututun hayaƙin masaƙa
inda babana ya yi shekara ashirin da biyu
yana dawowa da auduga a gira.
Yanzu ciyawa ke kama aikin safe,
jemagu su karɓi na dare.

Ban ba shi amsa ba. Na raba takarda,
na ce kowa ya zana abin da za a tono.

Ledar ruwa. Marfin kwalba. Layin dogo.
Waya mai fasasshiyar fuska.
Dije ta zana tukunyar uwarta, har da baƙin gindi.
Iliya ya zana babansa da bulo a ka,
ya yi shi ƙato, ya cika takardar,
sannan ya rubuta sunansa a ƙasa
da manyan baƙaƙe: BITRUS.

Da dare, da zare da allura,
na ɗinke zanen a bayan littafin,
daidai inda shafuka suka ɓace.
Ya yi kauri, ba ya rufuwa sosai.

Gobe 'yan aji biyar ke da aro.
Na aika musu kowa ya wanke hannu.