Ɗaki Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare suka buga mana ƙofa,
ba sallama, sai tocila a tsakar ido.
Baba Rabe mai gadi, da littafi a hammata,
ya ce kowa ya tsaya inda barci ya sake shi.

Mu huɗu ne a ɗakin:
ni, da Mannir ɗan Rimi mai azumin Litinin,
da Ishaku na Kafur mai karatun lissafi,
da Sagir, wanda direba kan kawo wa tuwo daga Ƙofar Ƙaura.

A bokitin garin kwaki suka tono ta,
kwalbar lemo, amma ba lemo a ciki.
Baba Rabe ya sunsuna, ya yi a'uziyya.
Bokitin na Ishaku ne.
Ba wanda ya tambayi ta wa ce,
sunansa ya riga ya amsa.

Na san ta wa ce.
Na san daren da ta shigo, a aljihun farar shadda.
Na san kuma Ishaku ko warinta ba ya so:
burkutu ce ta kwantar da ubansa,
shi ya ɗauki gawar a amalanke yana ɗan sha uku.
Ya taɓa gaya mani, muna jiƙa gari da ƙuli.

Da safe a teburin mai shayi
kowa ya zama alƙali.
Mannir ya ce doka doka ce,
duk mun sa hannu a takarda ran rajista,
nan Katsina ce, wanda ya zo ya san inda ya zo.
Bilkisu ta ajin ƙarshe ta aje kofi:
to maganin tarin da ake sayarwa a bakin get fa,
wanda yara ke kwankwaɗa har su yi sujada a kwata,
tocilar ba ta kai can ba?
Wani ya ce a bar kowa da halinsa, mu ba yara ba ne.
Wani ya ce ka faɗi haka ran da mashayi ya yi amai a kan darduma,
kamar bara, a bene na biyu.
Wani ya ce shi dai a daina zazzage masa akwati
kamar ɓarawon akuya.
Mai shayi ya ce a biya shi kuɗin burodi.

Ni ban ce komai ba.
Dubu arba'in da biyu na rajistata
daga hannun Sagir suka fito,
watan da gero ya ƙi a gonarmu ta Batagarawa.
Bai taɓa yi mani gori ba.
Ko yanzu bai roƙe ni ba,
kallona kawai ya yi, ya gyara hula.
Wanda ya ci ladan kuturu, an ce.

Ran Laraba kwamiti ya zauna.
Malamai biyar, fanka ɗaya mai kuka.
Suka ce, kai ne na gadon sama, me ka gani?
Na dubi silin.
Na ce ina barci.

Ban yi ƙarya ba, ina barci lokacin da suka zo.
Haka nake gaya wa kaina a sahun gaba.

Zango biyu suka ba shi.
Ya naɗe katifa, ya ɗaure da igiyar shanya,
ya bar mani kalkuletarsa, wai jarrabawa ta kusa,
kada in sha wahala.
Har tasha na raka shi, ina riƙe da bokitin.

Yanzu an liƙa sabuwar sanarwa a ƙofar hostel,
da jan alƙalami, da hatimi.
Ɗalibai na wucewa, wasu na gyaɗa kai, wasu na tsaki.
Ni nakan tsaya in karanta har ƙasa,
inda aka ce duk mai wani bayani
ya zo ofis, daga takwas zuwa huɗu.

Yau ma na kai bakin ofishin.
Huɗu saura kwata.
Na sha ruwa a famfon da ke gefe,
na daɗe ina sha.