Kwana Uku a Bakin Gaji

Na bar Bauchi da asuba, kyamara a wuya,
cikin jaka gurasa biyu da gorar ruwa.
A ƙofar Mainamaji aka rubuta sunana,
aka ce me ya kawo ka? Na ce giwa.

Jagoran da aka ba ni sunansa Gidado,
dogo, ramamme, mutumin Alkaleri,
takalminsa na taya, maganarsa ƙididdigagga,
shekara ashirin yana karanta sawu a dawa.
Ya dubi dogon gilashina ya ce,
"Wannan bakin bindiga ne ko ido?"
Na ce ido ne.
Ya ce, "To, koya masa kunya tun kafin fitowa."

Ranar farko gwanki uku muka gani, daga nesa.
Bika ta fizge gurasata a bakin Wikki,
ta hau dutse tana ci tana kallona,
ba kunya, ba tsoro, ba niyyar mayarwa.

Rana ta biyu aka haɗa mu da baƙo mai sauri,
agogo a hannu, ido a agogo.
"Direba, danna oda su fito mana!
A waya na ga farar dabbar ƙasar ƙanƙara,
an ɗauke ta kusa har kana ƙirga haƙoranta,
mu kuwa kashi da karyayyen reshe muke ta dubawa?"
Gidado ya miƙa hannu ya kashe mota.
"Wanda ya ƙirga haƙoran nan,
ka tambaye shi ko dabbar ta ci abinci ranar.
Kuɗinka kujerar mota ya saya,
bai sayi barcin ɗa ba, balle na uwa."

Da dare, kan shayi, ya ce da ni,
"Bara garken nan ya faɗa gonata.
Dare ɗaya. Masara da gero, ko iri ba su bar min ba.
Na zage su har kakannin kakanni.
Gari ya waye na sa takalmi na fito gadinsu.
Dalili?
Har yau ina tambayar kaina, ba mai amsawa."

Rana ta uku, la'asar sakaliya, bakin Gaji.
Ya ɗebi ƙasa ya saki a hankali
don ya ga inda iska take kaɗawa,
ya zaunar da ni bayan wata suri.
Ƙudan tsando ya yi buki a wuyana,
ban isa in kai masa mari ba.
Ƙafata ta mutu. Gumi ya shiga ido.
Sai reshe ya ce ƙas
can cikin inuwa.

Ta fito daga tsakanin marke,
kunnenta na hagu a yage kamar tsohon zane,
ɗanta a ƙarƙashinta, gashin haihuwa bai zube ba,
yana taka hancinsa yana tuntuɓe.
Ta ɗaga hanci ta tambayi iska,
iska ta rufa mana asiri.
Hasken kuwa, wayyo hasken!
Ja kamar manja a kan ruwa.

Yatsana na kan maɓalli
hannun Gidado ya sauka a wuyan hannuna.
Bai yi magana ba, leɓensa kawai ya motsa:
bari ta sha.
Ta sha. Ta watsa wa ɗan. Ta sake sha.
Ina kallon rana tana zame min
kamar kifi a hannun ɗan koyo,
zuciyata na zagi, bakina na haɗiyewa.

Da ya sake ni duhu ya soma.
Na danna sau ɗaya.

Yanzu hoton yana bangon ɗakina a Wunti:
toka-toka, dishi-dishi, ɗan wutsiya a gefe.
Baƙi sukan ce, wannan dutsen ina ne?
Nakan ce giwa ce, ta sha ta ƙoshi,
ta juya a kan lokacinta, ba gudu ba kora,
ba ta ma san an yi wani baƙo mai zuwa.