Faci

A Mai Wurno wuta kan dawo da tsakar dare,
ba sallama, kamar baƙon da ya san ƙofar baya.
Fanka ta soma juyi. Na jawo kwamfuta kan tabarma,
gahawar da Inna ta bari a jabana ta huce tun isha.

Kwana uku ina bin sawun ƙwaro guda
a manhajar rajistar asibitin garinmu.
Ƙugiyar haruffa yake ci:
ƙasa ta koma kasa,
baƙi ya zama baki,
aka nemi sunan Ɗayyabu mai ciwon suga, aka ce babu shi,
alhali ga shi zaune a benci, yana fifita da katinsa.

Na tsaga reshe daga kututture, na raɗa masa suna,
kada in rusa abin da hannu arba'in suka gina.
Layi shida na cire, na dasa huɗu.
Ja a sama, kore a ƙasa.

Kawu Tanimu, tela a bakin kasuwa, yakan ce
faci nagari ba ya ihu.
Nemo zaren da ya yi kama da rigar,
bi ɗinkin wanda ya riga ka,
ko da hannunsa bai yi maka ba.

Bayanin shi ya fi wuya.
Na rubuta "na gyara", na goge.
Gyaran me? Don wa?
Wata rana wanda bai san fuskata ba zai tono tarihin nan,
yana neman dalili, ido jajur kamar nawa.
Sai na rubuta masa gaskiya, har da inda nake shakka.

Na janyo sabon aiki, sai ga saɓani:
wani a Jidda ya taɓa layin da na taɓa.
Na karanta nasa sau biyu.
Rabinsa ya fi nawa. Na haɗiye, na ɗauka.

Gwaji ya wuce.
Na tura, sandar sadarwa ɗaya tal,
na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Da asuba Safura mai duba aiki ta amsa:
"Raba shi biyu. Layi na tara akwai gurbi a ƙarshe.
Sake turowa."
Ko sannu babu.

Wuta ta ɗauke.
Batir saura sha ɗaya,
asibiti kuma ƙarfe takwas ake buɗewa.
Na kurɓi gahawar a sanyinta,
na koma layi na tara.