Ƙofar da Ta Daina Amsa Sallama

Ƙarfe huɗu na asuba a Szeged,
kogin Tisza ya daskare rabi.
Piroska na hawa na uku, fitila ɗaya,
tana yanka lakar ɓera siriri-siriri
har haske na ratsa yankan.

Ga ƙahon baya na laka a ƙarƙashin madubi,
mashigar da kowane zogi ke bi
kafin ya kai ƙara gaban ƙwaƙwalwa.
Ƙwayoyin jijiya na da 'yan ƙofofi a fatarsu,
ta rina su kore don ta riƙa ganinsu.

Ta ɗiga mofin.
Ƙofofin suka amsa sallama,
saƙo ya shiga ciki,
ƙwayar ta yi lamo, ta bar ihu.
Layin da ke tsalle a allon na'ura
ya kwanta kamar an lallashi jariri.

Minti goma. Sha biyar.
Maganin na nan, ko ɗigo bai ragu ba,
amma layin ya soma ɗaga kai.

Ta san masu wannan aiki, 'yan gida ne.
Ɗaya ya lallaɓo ta ciki
ya manna fosfet a wutsiyar ƙofar,
kamar hatimi a takardar sammaci.
Wani, arestin, in ya ga hatimin
sai ya rungume ƙofar ƙam,
ya shiga tsakaninta da ɗan aikenta.
Da wasu magungunan, ƙwayar kan haɗiye ƙofar ɗungurungum,
ta wanke ta, ta maido, ko ta narkar.
Da mofin kuwa, sau tari tana nan tsaye a fata,
ana ƙwanƙwasawa,
ba mai tashi ya buɗe.

A ƙetaren gada, gado na shida,
mahaifinta Ödön, tsohon direban taragon gari,
ciwon daji ya ci masa ƙugu.
A watan Oktoba miligiram goma kan kai shi safe.
A Disamba talatin.
Jiya nas Gizella ta rubuta casa'in,
ta ja layi biyu a ƙasa.

Ya kama hannun rigar 'yarsa:
"Ke da kika yi karatu, gaya mini gaskiya,
sirka shi suke yi da ruwa?"

Ta ce a'a, Baba.
Ta so ta ce: jikinka ne ke tsare kansa,
ba ya son muryar da ba ta yin shiru,
ko da muryar sauƙi ce.
Shekara talatin kana kaɗa ƙararrawar tarago a titin Kossuth,
mutanen layin har sun daina farkawa.
Ba ta faɗa ba.
Ta gyara masa matashi,
ta ɓare masa lemo bai sha ba.

Yanzu ta wanke yankan da ruwan gishiri,
ta duba agogo, ta jira.
Minti arba'in.
Ta sake ɗigawa.
Layin ya kwanta, amma bai kai na farko ba.
Ta rubuta adadin a littafi da fensir,
kashi sittin da ɗaya cikin ɗari,
ta zagaye shi.

A ƙasa taragon farko ya wuce, ya kaɗa ƙararrawa.
Ta ji shi sarai.
Ta ɗauki wani yankan.