Jar Fitila

A ƙasan adakar Inna, a Tudun Wada,
ƙarƙashin zannuwan da asu ya soma ci,
na tarar da kaset bakwai a cikin kwalla.
Ɗaya zarensa ya zubo kamar hanjin kaza.
Na sa biro ina naɗewa a hankali,
kamar mai jan guga daga tsohuwar rijiya.

Sai ga ta. Ba Innar da na sani ba,
wata ce mai murya kamar sabuwar tasa:
"Jama'a, Lantana ce ke muku sallama daga Zariya."

Don gaishe-gaishe aka ɗauke ta aiki:
wane na Kwarbai yana gai da wane na Muciya.
Sai minti goma na yadda ake miyar kuka,
sai ka ce akwai matar da ke zaune
tana jiran akwati ya nuna mata daddawa.
Labarai kuwa, in ji Malam Ɗanjuma shugaban sashe,
nauyi gare su, sun fi ƙarfin muryar ɗiya.

Nauyi! Ita da ke saɓa rikoda mai nauyin tulu,
ta wuce zauren da abokan aikinta ke tsayawa,
ta shige har tsakar gida.
Can ta naɗo ungozomar Ƙofar Gayan
tana roƙon a daina yanke cibiya da tsohuwar reza,
da masu ɗinkin hular da dillali ke cinye guminsu,
da wata tsohuwa da ta leƙa cikin makirfo
ta ce, "Ta wace ƙofa maganata za ta fita duniya?"

Wata Laraba ruwa ya kwana yana zuba.
Kubanni ta cika har ta hau gada,
mai karanta labarai yana tsallake, riƙe da kekensa.
Bakwai saura minti biyu.
Malam ya duba hagu, ya duba dama,
ba kowa sai ita da jiƙaƙƙen mayafi.
Ya miƙa takardun, idonsa na kan agogo.
Jar fitila ta kama.
Ta karanta farashin taki, da taron manya,
da rasuwar wani alƙali.
Rufin ɗaki bai faɗo ba, kowa ya tashi lafiya.

Babanta, tela ne a Sabon Gari,
ya ɗauke ƙafa daga kan keke,
ya ce wa yaran shago su yi shiru.
Bai ce musu tasa ba ce.
Da daddare ya aiko da tsire a takarda,
an ce a hanyar masallaci shi kaɗai yana dariya.

Washegari aka mai da ta kan miyar kuka.
Shekara huɗu, in ji ta,
ta fi manoman Giwa roƙon ruwa da gaskiya.

Yau ni ke zama a gaban jar fitila,
a tashar da mai gyaran inji mace ce,
mai rubuta labarai mace, mai sa hannu a albashi mace,
namiji ɗaya gare mu, shi ma a bakin ƙofa.
Inna kuwa ciwo ya shanye mata ɓari,
ya tafi da harshen, ya bar kunne.
Rediyo na gefen matashinta.
In na ja wasali inda bai kamata ba
sai ta buga zobe a ƙarfen gado,
ƙanwata Tabawa ta ƙirga mini. Sau biyu ne jiya.

Daren nan na kunna mata kaset ɗin.
Ta lumshe ido, leɓenta na bin kalmomi,
hannunta mai rai yana kan ƙarfe.
Can tsakiyar farashin taki
sai muka ji ƙwas! sau ɗaya.
Ta kama kuskure a bakin yarinya.