Ɗaki na Sha Huɗu

Dare ya raba a Grimsby,
iskar teku na dukan tagogi kamar mai bin bashi.
Ni ke kwana a gidan tsofaffi,
daga ni sai tocila, sai takalmin roba mai kuka a kan tayil.

Ɗaki na sha huɗu ba ya barci.
Maureen ce a ciki, shekara tamanin da bakwai,
talatin daga ciki ta yi su da alli a hannu
tana koya wa 'ya'yan masunta Turanci.
Sunan ɗanta ya ɓace mata,
jan biro bai ɓace ba.

Na ce, "Kwanta mana, ai kina home."
Ta ɗaga yatsa siriri kamar tsinken tsire:
"House, Hansatu. Nan house ne.
House bulo ne da rufi, ana sa masa kuɗi.
Home kuwa, inda butar shayi ta san hannunki."

Mu a Gumel kalma ɗaya gare mu: gida.
Ita ce katangar, ita ce mutanen ciki,
ita ce hayaƙin murhu, har akuyar da ke turke.
Ban san tana tsagewa biyu ba
sai da na kama hayar ɗaki a bayan kasuwar kifi,
na buɗe ƙofa, na yi sallama,
firji kaɗai ya amsa.

Wata Talata na same ta zaune a duhu.
Na ce, "Lonely kike?"
Ta ce, "Alone nake, kuma ni na zaɓa.
Lonely sai ran Lahadi,
in falo ya cika da furanni da jikokin mutane,
ana ta kiran Kaka, Kaka,
in waiga, ba da ni ake ba."
Na tafi wanke kofuna ina tauna maganar.
Ashe zama kai kaɗai daban,
kaɗaici daban, shi har cikin taro yake bin mutum.

Ran da na ce ta yi min borrow na bironta
har haƙoran robarta suka motsa don dariya.
"Ni ke lend, ke ke borrow, yarinya.
Mai bayarwa da mai karɓa ba sa shan ruwa a kofi ɗaya."
Na ce to, yau zan rama.
Na ja kujera, na koya mata namu:
aro, ka mayar da abin da kansa,
tabarmar da ka ɗauka, ita za ka dawo da ita;
rance, ka ci, ka kashe, ka biya da makamancinsa,
mudun gero a madadin mudun gero.
Ta yi shiru, tana gwada su a baki, aro, rance,
sai ta dube ni ta saman tabarau:
"Ke fa? Da mutanenki suka ba mu ke,
aro suka ba mu ko rance?"

Ƙararrawar ɗaki na tara ta cece ni.
Har yau ban ba ta amsa ba.

Shekaranjiya, ƙarfe huɗu na asuba,
na tarar ta sa kwat a kan rigar barci,
jaka a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.
Ta ce za ta tafi home, ta bar tukunya a wuta.
Na san an sayar da gidan tun bara,
wasu ne ke shanya a igiyarta.
Na zare mata kwat ɗin, na dumama madara,
na riƙe hannunta ina ta zuba Turancina mai ƙwai da ƙwarƙwata,
kuskure kan kuskure, da gangan,
ko za ta ɗaga yatsan.

Ba ta ɗaga ba.

Da gari ya waye, a cikin bas, waya ta yi ƙara.
Inna ce. "Kin isa gida?"
Na dubi ruwan sama na gangara a gilashi,
na ce, "Ina hanya."