Shafi na Arba'in da Ɗaya

Da la'asar aka kawo mini gwajin bugun,
tawada ba ta gama shan iska ba.
An ɗauke wuta a Kwanni tun hantsi,
na ja tabarma bakin ƙofa, na buɗe.

Taken molo sittin da uku na Modi,
kakana mai karyayyen ɗan yatsa,
an tsamo su daga kaset goma sha ɗaya
da suka shekara talatin cikin kwalla
tare da takardar gona.

Dakta Ige ta yi aiki, ban raina ba.
Damina biyu tana saurare, tana maimaitawa,
tana jera ɗigo bisa layuka biyar
kamar tsattsewa a kan wayar lantarki.
Ko inda tsarkiya ta shaƙe, ta sa alama.

Sai a shafi na arba'in da ɗaya,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
"Kaset ya lalace a nan. An cike giɓin
da abin da kunne ke tsammani."

Kaset bai lalace ba, Dakta.
Ni na riƙe rikodar ran nan, shekarata tara.
Nan ne Bagudu ke shigowa da ƙwarya,
bugu huɗu, da zoben azurfa a yatsa.
Rima ta tafi da shi, shi da kwalekwalen albasa.
Tun daga nan in Modi ya iso wurin
sai ya ɗage hannu, ya dubi hagunsa,
ya ƙirga huɗu a zuci,
ya wuce.

Na kira ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Muna da alamar hutu,
amma wannan ai ba hutu ba ne.
Yaya ake rubuta wanda bai zo ba?"

Maccido mai inji ya ce takarda ta yi tsada,
kowane gyara sabon faranti ne, wa zai biya?
Na ce a kankare ɗigon, a bar fari
faɗin yatsa huɗu, kar a yi bayani.
Wata rana wata yarinya a Yamai ko Zariya
za ta iso wurin da molonta, ta tsaya,
ta waiwaya ba ta san dalili ba.

Ya ce zai duba.
Na bar masa kuɗin cefanen gobe a kan injin.